Ƙararrawar gobara

A ƙasar Kwaya, kamar ko'ina cikin Magarya da Dungas, hunturu shi ne lokacin gobara. An gama girbi. Hatsi yana cikin rumbu, kara da harawa suna jibge bisa rumfuna. Danga ta bushe, jinka ta bushe, iska tana kaɗawa dare da rana. Da asuba kowa yana hura wuta don jin ɗumi. Tartsatsi guda ya isa. Kafin a jawo guga goma daga rijiya, wuta ta kama gida na uku.

Abin da ke ceton gari a nan shi ne kururuwa. Wanda ya fara ganin hayaƙi sai ya ɗora hannu a ka: "Gobara! Gobara! Jama'a ku kawo ɗauki!" Maza su fito da bokiti da tulu. Wasu su tuge dangar da ke gaban wutar, don ta rasa abin ci. Mata su kwashe yara, su kwance awaki. A yau har ladan yakan buɗe lasifikar masallaci, mai salula kuma ya kira ƙauyen da ke kusa.

Amma sai an gani ake kururuwa. In wuta ta tashi da tsakar dare cikin kanti a kulle, wa zai gan ta? Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a shekarar 1982, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. A watan Maris na 2016 wuta ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye shaguna dubbai. Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Mai barci ba ya jin warin hayaƙi. Hayaƙin ba ya tada shi, gubar da ke cikinsa ma ƙara masa nauyin barci take yi. Yawancin waɗanda ke mutuwa a gobarar ɗaki, hayaƙi ne ke kashe su tun kafin harshen wuta ya iso.

Don haka aka ƙera na'urar da ba ta barci.

Yadda take gane hayaƙi

Tun a 1852 birnin Bostan na Amurka ya kafa akwatuna a bakin tituna. Wanda ya ga gobara sai ya juya hannun akwati, saƙo ya bi waya zuwa ofishi guda, a kaɗa ƙararrawar gari. Har a nan mutum ne ke gani. Daga baya, wani masani ɗan ƙasar Suwis mai suna Walter Jaeger ya so ya ƙera abin gane iska mai guba. Abin ya ƙi aiki. Ya zauna ya kunna taba, sai ya ga allurar na'urarsa ta motsa. Hayaƙi ta ji! A 1965 wani Ba'amurke, Duane Pearsall, ya ƙera ƙarama mai aiki da batir. Tun daga watan Maris na 2015 doka ta tilasta wa kowane gida a Faransa ya maƙala aƙalla guda.

Girmanta bai wuce faifai ƙarami ba. A rufin ɗaki ake maƙala ta, don hayaƙi mai zafi sama yake hawa.

Kun taɓa lura da hasken rana da ke shigowa ta hudar jinka? In ɗaki yana tsaf, ba a ganin hasken sai inda ya sauka a ƙasa. Amma in inna ta fara shara, sai ku ga sandar haske tun daga sama har ƙasa, ƙura tana rawa a ciki. To, haka wannan na'ura take aiki. A cikinta akwai ɗan ɗaki mai duhu, da ƴar fitila, da wani ido. An ajiye idon a gefe, inda hasken fitilar ba ya kai masa. In hayaƙi ya shiga, sai ya watsa hasken, kaɗan ya faɗa bisa idon. Nan take na'urar ta tsala ihu mai tada mai barci.

Akwai wata iri da ba ruwanta da hayaƙi, zafi take aunawa. Ba ta kuka sai iskar ɗaki ta kai wajen digiri 58, ko kuma zafi ya hau da sauri ƙwarai. Akwai kuma ɗan jan akwati a bakin ƙofa, wanda mutum ke dannawa da hannunsa.

A babban gini, kamar asibiti ko banki ko otal, ana haɗa su duka da waya zuwa allo guda a ɗakin mai gadi. An raba ginin kashi-kashi. In na'ura ta yi kuka, fitila ta kama a allon, ta nuna wurin: ɗakin magani ne, ko bene na biyu. Allon yana da batir nasa, don ko an ɗauke wutar lantarki yana tsaro. In waya ta tsinke ma zai faɗa. A wasu birane allon da kansa yake aika saƙo zuwa wani ofishi inda ake zaune dare da rana, su kuma su kira ƴan kwana-kwana. A Nijar lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

In ta yi ƙarya

Ku koma ga sandar hasken nan. Me ya sa kuka gan ta? Ƙura ce, ba hayaƙi ba. Ai kun gano matsalar da kanku. Idon na'ura bai san bambancin hayaƙi da ƙura ba. Duk abin da ya watsa haske, gobara ne a wurinsa.

A ƙasarmu kuwa masu ruɗinta suna da yawa. Na farko hazon hunturu, wanda ke shiga ko'ina, har cikin akwati a rufe. Yana taruwa cikin na'urar kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, har ta soma kuka ba dalili. Akwai gizo-gizo da ke saƙa a ciki, da ƙananan ƙwarin damina. Akwai turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da tururin ruwan zafi, da hayaƙin suya. Mai gadi ma kan hura gawayi ya ɗora shayi daidai ƙarƙashinta. Ita kuwa mai auna zafi, in an sa ta ƙarƙashin rufin kwano, ranar bazara kaɗai tana iya ruɗinta. Sai kuma yaro mai ƙiriniya da ya danna jan akwati don ya ga mutane suna gudu.

Wani zai ce, to mene ne? Gara ta yi kuka sau goma a banza da ta yi shiru sau ɗaya. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba daidai ba ce. Ran farko kowa zai fita da gudu. Ran na biyu a fita ana gunaguni. Ran na biyar wani ya ce: "Ƙyale ta, halinta ne." Ya juya ya ja bargo.

Haka ta faru a jami'ar Seton Hall ta Amurka, ran 19 ga Janairu na 2000. A gidan kwanan ɗalibai ƙararrawa ta sha yin kukan ƙarya cikin watannin baya. Da asubar wannan rana ta sake kuka. Ɗalibai da yawa suka ƙi tashi. Ashe wuta ce ta gaske. Uku suka mutu, fiye da 50 suka ji rauni.

Ga wata asara. A Ingila, cikin kira 10 da ƴan kwana-kwana ke amsawa, wajen 4 na ƙarya ne. Can suna da motoci da yawa. A gari mai mota ɗaya ko biyu fa? In ta tafi yamma wajen hayaƙin shayi, wa zai je gabas inda kasuwa ke ci? Mafi muni shi ne mai gidan da ya gaji da ƙara, ya hau kujera ya zare batir ya sa a rediyo. Na'urar tana nan a rufi, kowa yana ganinta, hankali kwance. Alhali ta mutu.

Maganin ba mai wuya ba ne, kulawa yake so. Kowace na'ura da wurinta: mai gane hayaƙi a ɗakin kwana da zaure, mai auna zafi a madafa da garejin mota. Kada a sa mai gane hayaƙi kusa da murhu, a bar aƙalla metir 3, kada kuma a sa ta bakin taga inda iska ke kwaso ƙura. A share ta, musamman bayan hunturu. In magina suna aiki a rufe ta, amma ran da suka gama a buɗe, don nan ake yawan mantuwa. A danna maɓallinta sau ɗaya a wata a ji ko tana da rai. In ta shekara 10 a sake sabuwa.

A manyan gine-gine akwai wasu dabaru. Ana shirya allo yadda in na'ura ɗaya ta yi kuka, mai gadi kaɗai zai ji. Yana da ƴan mintoci ya je ya duba. In bai dawo ba, ko ta biyu ta kama, sai ƙararrawar gini duka ta tashi. Ana kuma ajiye littafi. Duk ran da aka yi kukan ƙarya a rubuta rana da sa'a da wuri. Bayan wata uku littafin da kansa zai nuna mai laifi: na'ura kaza ce, kullum da ƙarfe bakwai, lokacin da ake shara.

A lakwal ɗinmu fa?

Lakwal da yawa a karkara ba su da lantarki, balle allo mai fitilu. Amma gobara ta san hanyarsu. Ran 13 ga Afrilu na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata unguwa ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara haka ta faru a Maraɗi, aƙalla yara 25. Bayan nan gwamnati ta hana sa yara ƙanana, waɗanda ba su isa aji ɗaya ba, cikin ajin zana. Ajin zana ba ya jira. Cikin minti kaɗan rufi yake ruftawa.

Ƙararrawarmu ita ce tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye jikin bishiya. Dokar na'ura ita ce dokarsa. A ware wa gobara bugu nata dabam, da sauri-sauri ba tsayawa, wanda bai yi kama da na shiga aji ko na tashi ba. Ba mai yin wannan bugu don wasa. In mushe zai gwada mu, sai ya faɗa tun da safe cewa yau gwaji ne. In mun ji shi ba a faɗa ba, to, mu bar allo da jaka da takalmi, mu fita a jere, ba ture-ture. Manya su riƙe hannun ƙanana. In hayaƙi ya cika aji mu sunkuya, don iska mai kyau tana ƙasa. Ajin zana ya kasance da ƙofa biyu. Mu taru gindin bishiya guda, ta gefen da iska ke fitowa, mu tsaya har mushe ya kira sunan kowa.