Janareto Mara Mai: Babu Shi, Kuma Nemansa Na Shigo da Guba Cikin Gida

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. A Oktoban 2024 ɗin ne Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna. Mai shagon caji a Talata Mafara, mai ƙanƙara a Bakura, mai walda a Maradun, manomin ranin da injin ban ruwansa ke lashe ribar tun kafin tumatir ya nuna, kowa ya ji a jikinsa. Mutumin da wuya ta kai wa iya wuya kuwa, duk wanda ya zo masa da albishir zai saurara.

Albishir ɗin da ke yawo yanzu a wayoyin samarinmu shi ne janareton da ba ya shan mai. Bidiyoyin kala-kala ne a TikTok da Facebook da WhatsApp, amma labarin guda ne. Za a nuna maka katako, an ɗaure moto a kansa, an haɗa shi da altaneton mota da fanbel, ga batir a gefe, wani lokaci ga mayen ƙarfe an jera a jikin faifai. A murza da hannu, ƙwai ya kama, fanka ta juya, sai mai magana ya ce injin da kansa yake ciyar da kansa har abada, Turawa da masu gidajen mai ne kawai suka ɓoye sirrin. Daga nan sai lambar asusun da za ka tura kuɗin koyo, ko kuɗin kayan haɗi.

Babu wannan injin. Ba a taɓa yin sa ba, a Mafara ko a Jamus, kuma ba rashin kayan aiki ko rashin hazaƙa ne ya hana ba. Kowane inji karɓar ƙarfi yake yi daga wani wuri ya sauya masa kama, a wurin sauyawar kuma dole wani kaso ya salwanta a zafi da ƙara da gogayya. Ka ba moto mai kyau wat 100 daga batir, da ƙyar zai miƙa wa fanbel 80. Altaneton mota ya karɓi 80 ɗin, ya mayar maka da kusan 50. Wannan 50 ce ake so ta cika batirin da aka ciri 100 daga cikinsa, sannan a samu rarar da za ta ɗauki firji. Daidai yake da mai ɗibar ruwa daga randa da ƙwarya mai yoyo yana mayarwa cikin randar, yana jiran ta cika ta batse har ya sayar wa maƙwabta.

To me ya sa ƙwan ke kamawa a gaban mai saye? Batirin ne. Babban batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200, in yana cike, yana ɗauke da kusan wat-awa 2,400. Ƙwayaye biyar masu wat goma-goma za su kwana su wuni a kansa. Mai talla kuwa rabin awa yake buƙata ya karɓi kuɗinka. Ranar da batirin ya mutu, ko dai lambarsa ta daina shiga, ko ya ce kai ne ka yi kuskuren jona waya, ka ƙaro kuɗi a aiko maka da wani kwayil. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa cancantar gane wannan lissafi, domin darasin na nan a ƙofar gidansu. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, bango mai tsawon fiye da kilomita biyar, mai tare ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An tashi ƙauyuka, an ƙwace gonaki, a Afrilun 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyarsu. Duk wannan gini da wannan jini, injinan wutar da aka sa a dam ɗin megawat 3 kacal aka tsara su bayar. Dalili shi ne ƙarfi tsada gare shi: ruwa durom biyar, wato lita 1,000, in ya faɗo daga tsayin mita goma, abin da ke cikinsa bai wuce wat-awa 27 ba, cajin waya biyu ke nan. Da a ce mayen ƙarfe da faifai na haifar da wuta daga babu, wa zai tare gulbi? 

Masu ɗan karatu a cikin masu tallar sukan jingina da sunan Michael Faraday. Gaskiya ne, a 1831 wannan masani na Ingila ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakin mayen ƙarfe, ya ga wuta na gudana daga tsakiyar faifan zuwa gefensa. Na'ura ce ta gaske, ana koyar da ita a ajin kimiyya. Sai dai halinta shi ne ta ba da wuta mai yawan gudu amma mara matsi. Faifai mai faɗin santimita 20, da mayen ƙarfe mai ƙarfi, yana juyi sau 3,000 a minti, da ƙyar zai ba da bolt ɗaya, ko waya ba zai caja ba. Kuma da zarar ka fara jan wuta daga jikinsa sai ya yi nauyi, abin da ke juya shi ya ƙara wahala daidai gwargwadon abin da ka ja. Wani Ba'amurke mai suna Bruce DePalma ne ya fito a ƙarshen shekarun 1970 yana cewa nasa samfurin na ba da fiye da abin da ya ci. Ya mutu a 1997 ba tare da injin ya haska gida ko ɗaya da kansa ba, amma zane-zanensa ne har yau ake sake dafawa ana sayar wa yaranmu. Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera ta gina irin wannan faifai mafi girma a zamaninsa, a ƙarƙashin Mark Oliphant. Da wutar gari ake juya shi na tsawon mintuna kafin ya saki abin da ya tara cikin daƙiƙa. A 1962 narkakken ƙarfen da suke ɗaukar wutar da shi ya fashe, wani ma'aikaci ya rasa idanunsa. Ƙwararru ke nan, a ɗakin bincike, da kuɗin gwamnati.

Damfarar ma tsohuwa ce. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina karɓar takardun masu iƙirarin injin da ke juyi har abada. A 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta Amurka ta samu Stanley Meyer, mai motar da wai ruwa take sha, da laifin zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari dala 25,000. Kamfanin Steorn na Ayalan ya yi shelar nasa a 2006, masanan da shi da kansa ya gayyato suka bincika suka ce a 2009 babu komai, kamfanin ya rushe da miliyoyin kuɗin mutane.

Da asarar kuɗi ce kaɗai, da sai a ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne inda ake yin gwajin: cikin ɗakin kwana, cikin zaure, a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Batirin mota in ana cajinsa yana fitar da iskar haidurojin, ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai kashi huɗu cikin ɗari na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. In batir ya fashe, ruwan batir ne ke watsuwa a fuska, kuma kowa ya san abin da yake yi wa ido. Ƙananan batiran litiyom da ake ɓarewa daga matattun kwamfutoci a wurin 'yan gwangwan, a jera su da dalma a naɗe da salatif, in ɗaya ya huje ko cajin ya wuce kima sai ya kama da wuta ya kunna na kusa da shi, wuta ce mai wuyar kashewa, kuma sau da yawa cikin dare take tashi lokacin da aka bar abin a caji aka kwanta. Gefen faifan nan mai juyi 3,000 yana gudun fiye da kilomita 100 a awa. In mayen ƙarfen da aka manna da gam ya ɓalle, duk wanda ke tsaye a gefe shi ne bango. Wanda kuma ya jona abin da ya haɗa kai tsaye cikin soket ɗin gida ba tare da makunnin raba layi ba, wutarsa na komawa kan wayar gari, ta samu ma'aikacin da ya hau fal yana zaton layin a mace yake.

Amma dalma ce ta fi tayar mini da hankali. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce. Saurayin da injinsa ke cinye batir bayan batir ba shi da kuɗin sabo, don haka sai ya koma ga matattu: ya fasa, ya zubar da ruwan a kwata, ya fito da farantan ciki, ya kankare, ya narka dalma a gwangwani kan murhun gawayi don gyara kan batir. Ƙurar ta sauka a ƙasar tsakar gida, a tabarma, a hannun yaron da komai ya ɗauka sai baki. Zamfara ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da ke biyo baya. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum: ƙurar dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, kusan yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya mutu cikin shekara guda. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa. Da yawa cikin waɗanda suka rayu sun tashi da raunin ƙwaƙwalwa da ba ya warkewa. Kada wani ya ce ai wancan dutse ne, wannan batir ne. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Sanagal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma daga fasa tsofaffin batiran mota gubar ta fito. Dalmar ɗaya ce, jinin yaron ma ɗaya ne.

Ga kuma zaiba. Saboda burushin gawayi na cinye 'yar wutar da faifan Faraday ke bayarwa, tsofaffin zane-zanen na cewa a tsoma gefen faifan cikin zaiba. A wasu ƙasashe samunta wahala ne. A nan, albarkacin masu wanke zinari, ba a rasa ta. Zaiba na tashi ta zama tururi ko ba a ɗora ta a wuta ba, ba a gani ba a jin wari, faifai mai gudu kuma fesa ta yake yi ko'ina. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, tana sa karkarwar hannu, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke cikin ciki. Ɗigon da ya shige tsagar siminti zai daɗe yana aiki a ɗakin bayan an manta da gwajin.

Ba na so a ɗauki wannan magana a je a kashe wa yaro mai hannu gwiwa. Irin waɗannan yara arziki ne. Muhammad Bah Abba a Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina saurin ruɓewa, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Mustapha Gajibo a Maiduguri ya mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur suka koma aiki da batir da hasken rana. Kowannensu zai iya nuna maka da yatsa inda ƙarfin na'urarsa ke fitowa. Rana kuwa ba ta yi mana rowa ba: faifan sola guda mai wat 300 a ƙasar Zamfara na iya tara fiye da wat-awa 1,000 a wuni. Wanda ya iya auna lodin gida, ya zaɓi kaurin waya daidai, ya sa fiyus, ya gyara inbata da famfon sola na manoman rani, ba zai rasa abin yi ba daga Mafara har Sakkwato.

Laifi na musamman yana kan malaman da ke sa hannu a kan aikin kammala karatu mai taken janareto mara mai, abin da ake gani a wasu makarantun fasaha na ƙasar nan. Malam, ka san ba ya aiki. In ka ba shi maki, ka ba ɗan damfara takardar shaida ne. Haka duk wanda ya sayar wa ɗan'uwansa wannan inji alhali ya ga batirin na mutuwa a hannunsa, algus ya yi, ko da da bismilla ya buɗe bidiyon.

Iyaye, ku leƙa ɗakin samari. In kun ga fasasshen batir, ko gwangwanin narka dalma, ko kwalbar zaiba, a fitar da su daga gidan a ranar, kada a share ƙurar da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a yar da shi nesa da rijiya. Yaron da ya fara ciwon ciki, amai, kasala ko jijjiga a irin wannan gida, a kai shi asibiti a kuma faɗa wa likita cewa ana taɓa batir a gidan, don kada a tsaya kan maganin zazzaɓin cizon sauro.

Wanda kuma har yanzu zuciyarsa ke raya masa ya saya, to ya gindaya wa mai injin sharaɗi kafin ya fitar da ko sisi: a kai shi gaban malaman lantarki na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, a buɗe murfin kowa ya ga ciki, a cire batirin bayan ya tashi, a jona masa dutsen guga mai wat 1,000 daga hantsi zuwa la'asar. A riƙe kuɗin a hannun mai unguwa har a gama.