Jihohin Raba Gardama a Zaɓen Shugaban Amurka

A zaɓen 2016, Hillary Clinton ta zarce Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan uku a faɗin Amurka, amma Trump aka rantsar. Haka tsarin mulkin ƙasar ya tanada: jama'a wakilai suke zaɓa, su kuma wakilan su zaɓi shugaban ƙasa.

Wakilan 538 ne, kuma duk wanda ya samu 270 ya lashe. Ana ba kowace jiha wakilai daidai da yawan 'yan majalisar wakilanta haɗe da sanatocinta biyu, sai babban birnin Washinton da aka ware wa uku. Shi ya sa Kalifoniya ke da 54, Teksas 40, ƙananan jihohi kuwa uku-uku. In ban da jihohin Maine da Nebraska, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha, komai ƙanƙantar ratar, shi ke kwashe wakilanta kaf.

Yawancin jihohi an san inda suka sa gaba tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Kalifoniya ta daɗe a hannun 'yan Dimokurat, Teksas a hannun 'yan Rifablikan. Fafatawar gaske tana komawa ga 'yan tsirarun jihohin da kan juya ko'ina. A 2024 bakwai ne: Fensilbaniya mai wakilai 19, Jojiya da Karolina ta Arewa 16 kowacce, Mishigan 15, Arizona 11, Wiskonsin 10, sai Nebada 6. Jimilla 93. Nan 'yan takara ke zuba kuɗin talla, nan suke yawan gangami. Trump ya cinye su duka, ya tashi da 312, Kamala Harris da 226.

A 2000 kuwa, ratar ƙuri'a 537 a Filorida ce ta kai George W. Bush fadar shugaban ƙasa, bayan Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙirge.

Masu kare tsarin na cewa yana hana manyan jihohi danne ƙanana. Sai dai abin takaici ne a ce ƙuri'ar miliyoyin mutane ba ta da tasiri saboda jihar da suke zaune. Don haka, mai karatu, ranar da sakamakon zaɓe na gaba ya fara fitowa, ka sa ido kan jihohin da kan juya ko'ina, ka riƙa lissafin wanda zai fara kai wa 270.