Abin da ya kamata maharbi ya sani kafin ya shiga dawa shi kaɗai

Da an kwashe amfanin gona, ciyawa ta bushe, lokacin farauta ya kama ke nan a ƙasar Katsina. Akwai farautar gayya ta gangi da karnuka da 'yan tauri. Akwai kuma maharbin da yake saɓa bindigar tokarsa, ya ɗaura fitila a goshi, ya bi hanyar Batsari ko ta Jibiya shi kaɗai neman zomo, zabo ko gada. Wannan na biyun shi ne abin ji, domin dawan da kakanninsa suka sani ya canza. A da, naman dawa ake tsoro. Yanzu babban haɗarin ɗan Adam ne: ko ka faɗa hannun ɓarayin daji, ko mutanen gari su ɗauke ka ɗaya daga cikinsu.

Akwai dajin da ba a shiga

Dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana, Batsari, Ɗanmusa har ya dangana da Jibiya da iyakar Nijar, ya daɗe da zama maɓoyar 'yan bindiga. Bindigar toka harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta, su kuwa manyan makamai ne a hannunsu. Ga sojoji da jiragen yaƙi suna sintiri, ga dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, kuma daga nesa babu mai iya bambance maharbi da ɓarawo. Ko kai ɗan gado ne, ka tambayi mutanen ƙauyen ƙarshe inda ake zuwa da inda ba a zuwa a wannan makon. Labarin bara ba ya aiki bana.

A san ka kafin a ga bindigarka

A ƙarshen Maris na 2025, mafarauta 'yan Jihar Kano sun taso daga Jihar Ribas za su gida bikin ƙaramar Sallah. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar da suke ciki, aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, gungun jama'a suka kashe mutum 16. Laifin na makasan ne, kuma takardar lasisi ba ta hana zalunci in ya tashi. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dokar makamai ta Najeriya ta tanadi lasisi har ga bindigar toka, kuma ofishin Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne wurin nemansa. Ka riƙe shi tare da katin ɗan ƙasa da katin ƙungiyar mafarauta, cikin leda a aljihun gaba, ba a ƙasan jaka ba. In ka sauka a gari, fara zuwa wurin mai gari ko Sarkin Baka ka yi gaisuwa, ka faɗi sunanka, garinku da yankin da za ka nufa. In akwai 'yan banga, su ma su ga fuskarka da rana. A kan hanya bindiga ta kasance ba ɗuri, a naɗe. In an tare ka, kai za ka fara cewa akwai ta, kada ka bari sai an gano.

Gida su san inda ka dosa

"Na tafi daji" ba adireshi ba ne. Ka gaya wa mutum ɗaya amintacce ƙauyen da za ka ajiye babur, gefen da za ka bi, da lokacin da in ya wuce ba ka dawo ba a fara cigiya. Sabis yana ɗaukewa a dawa, waya kuma tana cinye caji wajen nemansa, don haka ƙaramar waya mai maɓallai ta fi amfani. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Maciji

Kububuwa ce ta fi kashe mutane a ƙasashenmu. 'Yar ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma da dare take yawo, daidai lokacin maharbi. Dafinta yana hana jini daskarewa: mutum zai ga kamar ya ji sauƙi, can sai dasashi ya fara tsattsafo da jini, ko ya gan shi a fitsari. Takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu ya fi silifa, kuma ba a zura hannu a rami ko kogon bishiya.

In sara ya auku, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba, don hakan kan ruɓar da gaɓa. A cire zobe ko kambu kafin kumburi, a ɗora gaɓar a kan sanda yadda ba za ta motsa ba, a nufi asibiti mai allurar dafi, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Tsayawa jiran maganin gargajiya ya yi aiki shi yake cinye sa'o'in da ake ceton rai a cikinsu.

Ƙishirwa da bindigar kanka

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Jiri, ciwon kai da jan fitsari alamu ne na a nemi inuwa. In ruwan gora ya kai rabi, lokacin juyawa ya yi, ko da sawun gada na gabanka.

Cika albarushi fiye da kima yana fasa bakin bindiga a hannun mai ita. In ka ɗana ba ta tashi ba, ka riƙe bakinta nesa da kai na ɗan lokaci, kada ka leƙa. Da dare, idon ɗan maraƙi ma yana ƙyalli a hasken fitila, kuma inda maraƙi yake akwai makiyayi kusa. Sai ka ga jikin dabba sosai kafin ka harba.

In kuwa akwai wanda zai raka ka, ku tafi biyu. Rabon nama ya ragu, amma wanda ya karye ko maciji ya sare shi yana da mai ɗauko shi zuwa bakin titi.