Nazarin Zamantakewa da Al'adun Ɗan Adam a Jami'a

Ilimin zamantakewa, wanda ɗalibai ke kira soshiyoloji, fanni ne da ke bincikar yadda mutane ke zaman tare: aure da saki, sarauta da talauci, ƙaura, kasuwa, addini da aikata laifi. Ɗan'uwansa shi ne antirofoloji, mai nazarin ɗan Adam ta fuskar asali da al'ada. Abin da ya raba su ya fi yawa a hanyar aiki. Na farko ya fi jingina da ƙididdiga da takardun tambayoyi, na biyu kuwa sai mai bincike ya tare a cikin jama'a wata da watanni, ya ci tuwonsu, ya je bikinsu da zaman makokinsu, kafin ya ɗora alƙalami.

Turawa na danganta kafuwar soshiyoloji ga Auguste Comte na Faransa, wanda ya raɗa masa suna a ƙarni na 19. Sai dai tun a 1377 Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima, inda ya yi bayanin asabiyya, wato danƙon zumuncin da ke ɗaga daula, wanda in ya sassauta ta rushe.

A ƙasar Hausa, baƙi ne suka fara wannan bincike a zamanin mulkin mallaka, abin da ya sa wasu malamai ke yi wa antirofoloji kallon ɗan koren Turawa. Zargin yana da tushe, amma an bar gado mai amfani. M. G. Smith ya yi nazarin sarautar Zazzau a littafin da ya fito a 1960. Matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakin tsohuwar, aka buga a 1954, kuma har yau da wuya a sami abin da ya kai shi bayyana zaman matan kulle na wancan lokaci. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa tsakanin manoman ƙauye ɗaya ma akwai mai shi da marashi.

Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, tana da sashen soshiyoloji, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero. A jami'o'in Maiduguri da Nsukka an haɗa fannonin biyu a sashe guda. Digirin farko shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, kuma ana neman kiredit 5, har da Turanci da lissafi. Lissafin nan kan ba wasu mamaki, domin da yawa sun zaɓi fannin ne don gudunsa, sai ga darasin ƙididdiga na jiransu.

Ɗalibin da ya fito daga Jiwa, wani gari a yankin Abuja, ba ya bukatar tafiya nesa neman abin da zai rubuta kundin kammalawa a kai. Garin ya girmi Babban Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙira a 1976, gwamnati ta tare a 1991. Garin na da sarkinsa, ga kasuwannin Dei-Dei a maƙwabta, ga ma'aikata da 'yan cirani da tsadar haya ta koro daga tsakiyar birni. Gonaki na komawa filaye da gidajen haya. Wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo? Ina ikon sarki ya tsaya tun da doka ta danƙa filayen yankin ga gwamnatin tarayya? Da wane harshe yaran Gbagyi da Gwandara da Hausawa ke wasa a layi ɗaya? Kowace tambaya ta isa kundi.

Waɗanda suka kammala kan sami aiki a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Hukumar Ƙididdiga, gidajen gyaran hali, sassan jin daɗin jama'a, da ƙungiyoyin agaji masu bukatar wanda ya iya shiga unguwa ya yi tambaya ba tare da an rufe masa ƙofa ba.