Yadda Amurka Ta Yi Yaƙi A Angola Ba Ta Aika Soja Ba

Daga wakilinmu na Arewa

Yaƙi iri-iri ne. Akwai na gaba da gaba, inda runduna ke karawa da runduna da tankoki da jiragen sama. Akwai na sari-ka-noƙe, inda 'yan daji ke kai hari su ɓace. Akwai kuma na uku, wanda Bahaushe ya gama bayaninsa tuntuni da ya ce da ɗan gari akan ci gari. Wato babbar ƙasa ta ba da kuɗi da makamai, ta koma gefe, 'yan ƙasa su kashe juna. Dukkan ukun sun haɗu a ƙasar Angola.

Ran 11 ga Nuwamba 1975 Angola ta sami mulkin kai daga Turawan Fotugal, amma ƙungiyoyi uku na neman kujera ɗaya: MPLA ta Agostinho Neto, da FNLA ta Holden Roberto, da UNITA ta Jonas Savimbi. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tarayyar Sobiyet ta ba MPLA makamai, Kyuba ta aiko mata soja. Ita kuwa Amurka, da yake a shekarar ta fito daga kunyar Biyetnam, ba ta yarda ta aika 'ya'yanta ba. Sai hukumar leƙen asirinta, CIA, ta riƙa tura kuɗi da bindigogi a ɓoye ta ƙasar Zayar zuwa ga FNLA da UNITA. Sojan Afirka ta Kudu, ta masu wariyar launin fata, su ma suka kutso ta kudu.

Wannan kutse shi ya sa Nijeriya ta fito fili. A watan Nuwamba 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed, wanda hotonsa ke kan naira ashirin, ta amince da gwamnatin MPLA. Shugaba Ford na Amurka ya rubuto wa shugabannin Afirka takarda don ya karkata ra'ayinsu, Murtala ya ƙi, ya kuma faɗi haka a taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Addis Ababa cikin Janairu 1976.

A 1976 majalisar Amurka ta hana taimakon, amma a 1985 aka soke hanin. Shekarar da ta biyo, Shugaba Reagan ya karɓi Savimbi a fadarsa, aka ba UNITA makaman Stinger na kaɓo jirgi, waɗanda mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa. Daga 1987 zuwa 1988 aka yi gumurzu na gaba da gaba a Cuito Cuanavale. A Disamba 1988 aka sa hannu kan sulhu a New York, sojan Kyuba suka gama ficewa a 1991.

Jama'a, ga abin lura. Baƙi sun tafi, wutar ba ta mutu ba. UNITA ta koma sayar da lu'ulu'u, gwamnati na sayar da man fetur, kowa na sayen makamai. Sai da aka kashe Savimbi a Fabrairu 2002 aka ajiye bindiga, bayan shekara 27. An ƙiyasta aƙalla mutum rabin miliyan sun hallaka. Nakiyoyin da aka bibbinne a gonaki da bakin rafi kuwa, har yau ana kan tono su, manomi ba ya shiga wata gonar sai an ce masa an share.