Shimanami Kaido: Yadda iyali mai matasa zai tsara hutun tuƙa keke a tsibiran Japan

Duk wanda 'ya'yansa suka haura shekara 12 ya san cewa hutun da ke faranta wa ƙaramin yaro rai ba ya burge matashi. In aka cika kwanakin da zaman mota da shiga kantuna, sai kowa ya duƙufa a kan wayarsa, kuɗin tafiya kuma su tafi a banza.

Ga iyalin da ya zaɓi Japan kuma yake son hutun da za a motsa jiki, akwai hanyar Shimanami Kaido da ke kudu maso yammacin ƙasar. An buɗe ta a shekarar 1999, kuma ta haɗa garin Onomichi na lardin Hiroshima da garin Imabari na lardin Ehime, ta ratsa tsibirai shida a tekun Seto. Hanyar masu keke ta kai kimanin kilomita 70.

A raba tafiyar gida biyu

Ƙwararren mai keke kan gama hanyar a yini ɗaya. Amma iyalin da ya gwada haka, mai yiwuwa ya ƙare da gajiya da ɓacin rai, domin gudun ɗan shekara 16 daban, na uwa ko uba daban.

Abin da ya fi shi ne kwana biyu. Ana farawa da gajeren fito a jirgin ruwa daga Onomichi zuwa tsibirin Mukaishima, saboda gadar farko ba ta dace da masu keke ba. Daga nan akwai shuɗin layi da aka zana a gefen titi, wanda ke nuna hanya har Imabari.

Bayan kimanin kilomita 30 za a isa Setoda a tsibirin Ikuchijima, garin da ya yi suna wajen noman lemon tsami. Nan ne wuri mai kyau na kwana, kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare zai iya komawa Onomichi a jirgin ruwa.

A rana ta biyu ake haye gadar Tatara, sannan a rufe da gadar Kurushima mai tsawon kusan kilomita huɗu. Kowace gada sai an yi hawa kafin a kai samanta, sai dai an yi hanyoyin hawan da lanƙwasa domin kada su yi tsauri.

Ba sai an je da keke ba. Akwai tashoshin haya a kan hanyar, kuma ana iya karɓa a Onomichi a ajiye a Imabari. Akwai kuma kamfanonin da ke kai jakunkuna masauki na gaba, amma sai an yi rajista tun da wuri.

A ba matasan nasu rabon

Matashi ya fi jin daɗin tafiyar da aka shawarce shi a kanta. Ana iya ba ɗaya riƙon taswira, ɗaya lissafin kuɗin abinci, sannan kowa ya zaɓi wurin tsayawa guda.

Zaɓin kuwa yana da yawa. A tsibirin Omishima akwai wurin ibada na Oyamazumi, inda aka adana sulke da takubban mayaƙan samurai. A Oshima akwai gidan tarihin dangin Murakami, waɗanda suka mallaki waɗannan ruwaye ƙarnuka da suka wuce.

Daga Omishima kuma jirgin ruwa na zuwa Okunoshima, tsibirin da zomaye suka cika. A nan ne sojojin Japan suka riƙa haɗa iskar gas mai guba a asirce tun daga 1929, kuma akwai gidan tarihi da ke bayanin hakan. In aka haɗa da ziyarar birnin Hiroshima, wanda Amurka ta jefa wa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agustan 1945, matasan za su koma gida da darasin da ya wuce na aji.

Lokaci da kuɗi

Dogon hutun makaranta a Najeriya kan faɗo a watan Agusta, lokacin da zafi da gumi suka fi tsanani a wannan yanki, ga kuma barazanar mahaukaciyar guguwa. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli kuwa damina ce. Watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi daɗin tuƙi, sai dai a kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da Japanawa ke dogon hutu kuma masaukai ke cika.

A jiragen ƙasan Japan, rabin kuɗi na yara ne 'yan shekara 6 zuwa 11, don haka matashi kuɗin babba zai biya. A Oktoban 2023 tikitin JR Pass na mako ɗaya ya koma yen 50,000, saboda haka iyalin da zai tsaya a yanki ɗaya ya kwatanta shi da tikitin yanki kafin ya saya.

Abubuwan kiyayewa

A Japan ana tuƙi ne ta hannun hagu, akasin Najeriya da Nijar, kuma a wurare da dama kekuna na bin titi ɗaya da motoci. Tun Afrilun 2023 doka ta buƙaci duk mai keke ya yi ƙoƙarin sanya hular kwano.

Iyalai Musulmi su lura cewa taliyar ramen ta Onomichi an san ta da kitsen alade, kuma ana sa giyar mirin a miya da yawa. Kifi gasasshe da shinkafa da lemo ba sa wuya a tsibiran, amma gara a riƙa tambaya.

'Yan Najeriya da Nijar na buƙatar biza. Kafin nan kuma, iyalin su gwada tuƙa kilomita 20 tare a gida. Abin da ya faru a wannan gwajin shi zai nuna ko kwana biyu za a ware, ko uku.