Hutu a Badagiri, Bakin Teku

Manomi mai hankali ba ya noma gona guda shekara da shekaru ba fashi. In ya ga ƙasa ta gaji, sai ya bar ta saura, ta huta, ƙarfinta ya komo. Mai jaki kuma, in ya iso zango, ya kan sauke masa kaya tun shi bai nemi ruwan sha ba. To, jikin ɗan Adam ma haka ya ke. Wanda ya shekara yana aiki a ofis, ko a kasuwa, ko a makaranta, yana bukatar 'yan kwanaki da zai ajiye kome ya huta. Waɗansu su kan koma ƙauye wurin dangi. Waɗansu kuwa su kan nemi ƙaramin gari a bakin teku, inda ba hayaniya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan garuruwa a Nijeriya shi ne Badagiri.

Badagiri yana cikin Jihar Legas, yamma da birnin Ikko da kimanin kilomita 60, a kan hanyar da ta nufi iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Binin. Mutumin da ya taso daga Kano sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya isa. Galibin mutanen garin Egun ne da Yarabawa, sarkinsu kuwa Akran a ke ce da shi. Sana'arsu ita ce su, da noman kwakwa da rogo, da saƙar tabarma, da ciniki. Akwai kuma Hausawa 'yan kasuwa da suka zauna can, saboda haka baƙon da ya fito daga Arewa ba ya rasa wanda zai gaisa da shi da harshensa. Garin yana da kasuwa da motoci kamar ko wane gari, amma da zarar an bar babbar hanya an gangara wajen ruwa, sai hayaniya ta lafa.

Garin bai zauna daidai bakin teku ba. Tsakaninsa da teku akwai wani dogon ruwa mai kama da kogi, wanda ya miƙa daga wajen Ikko har cikin ƙasar Binin. Ruwan nan kwance ya ke, ba ya tumbatsa. Hayinsa akwai siririn tudu na rairayi, cike da itatuwan kwakwa, kuma yankin tudun da ke fuskantar garin shi a ke kira Gberefu. Bayan tudun sai Tekun Atlantika. Mai son ganin teku ya kan shiga kwalekwale ko jirgi mai inji, cikin 'yan mintoci an haye da shi, sa'an nan ya taka da ƙafa, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba.

Tun bai ga teku ba zai fara jin ta, tana ruri kamar rugugin hadari daga nesa. In ya fito daga cikin kwakwa sai ya gan ta shimfiɗe gabansa. Wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne Kwara ko Binuwai ya saba hango gaɓar ƙetare. A nan kuwa babu ƙetare, ruwa ne har inda ido ya ƙare. Raƙuman ruwa suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, ko wane ya tashi, ya naɗe, ya fashe da farin kumfa, ya malala bisa rairayi, sa'an nan ya ja da baya. Haka su ke yi dare da rana, ba su fasawa.

Abu na farko da ke sanyaya wa baƙo rai shi ne iska. Ko da rana ta take, iska mai sanyi tana busowa daga teku. Ga dalili. In aka cika tasa ɗaya da rairayi, ɗaya da ruwa, aka ajiye su cikin rana, rairayi ne zai riga yin zafi. In kuma aka mai da su inuwa, shi ne zai riga hucewa. To, haka ƙasa da teku su ke. Da rana ƙasa ta kan yi zafi, iskar da ke bisanta ta ɗumama, ta yi sama, domin iska mai ɗumi ba ta da nauyi kamar mai sanyi. Sai iskar teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Da dare kuwa abin ya kan juya, ƙasa ta riga teku hucewa, iska ta riƙa busawa a hankali daga tudu zuwa ruwa. Saboda haka mai zama a inuwar kwakwa da azahar ba ya bukatar mafici.

Wani abin lura kuma shi ne cikar teku da janyewarta. Baƙo ya kan ajiye takalmansa a busasshen rairayi da safe, in ya komo bayan 'yan sa'o'i ya tarar ruwa ya kai wurin. Teku ta kan ciko sau biyu, ta janye sau biyu, a cikin kwana guda da ɗan ɗoriya, kuma ko wace rana lokacin ya kan jinkirta da kamar minti 50. Wata ne ke jawo haka, gama yana jan ruwan duniya wajensa, rana kuma tana taya shi. Lokacin tsayuwar wata da daren sha huɗu, jan wata da na rana su kan haɗu, sai cikar ta fi ta kullum. Masunta sun san wannan sarai, da shi su ke tsara fitarsu da komowarsu.

Ruwan teku ba ya shawuwa. A cikin ko wace lita guda akwai gishiri wajen giram 35, watau kamar cike da ƙaramin cokali shida. Wanda ya sha shi don ƙishirwa, ƙishirwar ce za ta ƙaru. Koguna ne ke wanko gishiri kaɗan kaɗan daga duwatsu da ƙasa suna zubawa a teku. Rana ta kan ɗebe ruwa ya zama girgije, ta bar gishirin a baya, haka ya yi ta taruwa shekaru aru aru.

Mai hutu a Badagiri ba ya rasa abin kallo. Da sassafe masunta su kan tura kwalekwale cikin raƙuman ruwa, su tafi da taru, su baza shi kamar baka, su bar igiyoyinsa biyu a gaɓa. Daga nan maza su jeru a kan ko wace igiya, su yi ta ja suna waƙa don ƙarfinsu ya zo ɗaya, wani lokaci har sa'o'i. In taru ya iso, mata su kewaye shi da kwanduna, a yi ciniki, waɗansu kifayen a kai kasuwa ɗanyu, waɗansu a banda su. A cikin kamun a kan sami jatan lande da kaguwa. Akwai kuma waɗansu ƙananan kaguwa masu launin rairayi da ke gudu a karkace, da sun ga inuwar mutum sai su faɗa rami. Yara su kan wuni suna bin su, ko suna tsintar katantanwa.

Kwakwa kuwa ita ce dukiyar wannan gaɓa. Yaron Arewa ya saba ganinta busasshiya a kasuwa, an fasa a na sayarwa ɓari ɓari. A Badagiri zai gan ta kore shar a bisa uwarta. A kan hau a tsinko, a fille kanta da adda, a sha ruwan da ke ciki, mai sanyi da ɗan zaƙi. Itacen ya kan yi shekara 6 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, amma in ya fara sai ya yi shekaru masu yawa yana bayarwa. Daga ƙwayar a ke tatsar mai, ɓawon a yi igiya ko makamashi da shi, ganyen kuma a yi jinka da tsintsiya.

Amma fa teku ba abokiyar wasa ba ce, kuma tekun wannan gaɓa tana da ƙarfi ƙwarai. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a rafi kada ya ɗauka ya iya teku. Raƙuman ruwa su kan tara ruwa a gaɓa, ruwan nan kuwa tilas ya koma inda ya fito. Wani lokaci sai ya sami wata matsattsiyar hanya, ya riƙa gudu ta cikinta zuwa zurfi, da ƙarfin da ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Abin ruɗi, irin wurin nan ya kan yi kamar ya fi ko ina lafawa, domin raƙuman ruwa ba su cika fashewa a kansa ba. Wanda ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komowa kai tsaye, gama gajiya za ta kashe shi. Sai ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar ruwan. In ya kasa, ya saki jiki bisa ruwa, ya ɗaga hannu, ya yi kira. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa bayansa. Ya yi maza ya kira masunta, ko ya jefa masa igiya, ko wani abin da ba ya nutsewa.

Rigakafi dai ya fi magani. Baƙo ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kada ya juya wa teku baya, kada kuma yaro ya matsa bakin ruwa ba tare da babba ba. In za a shiga jirgi, a nemi rigar nan da ke hana nutsewa, a guji jirgin da aka cika maƙil, a kuma guji fito da dare. In masunci ya ce yau teku ta yi fushi, a ji maganarsa. Mai tambaya ba ya ɓata.

Shirun da a ke zuwa nema a Badagiri ba tun asali garin ke da shi ba. A ƙarni na 18 da farkon na 19, yana cikin tashoshin da Turawa ke sayen bayi. A kan tara su a kasuwar Vlekete, a haye da su zuwa Gberefu, a kora su cikin mari har bakin teku, inda jirage ke jira. Hanyar da mai hutu ke bi yau yana shan iska, ita ce suka bi, ƙarshenta kuwa a na kiransa wurin da ba a komowa. Cikin mutanen da aka sayar a tashoshin wannan gaɓa har da Hausawa, an kai da yawansu Bahiya a ƙasar Barazil. A 1852 shugabannin Badagiri suka sa hannu a yarjejeniya da Ingila ta hana fataucin bayi, a 1863 kuma garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila, aka haɗa shi da Ikko. Ciniki ya koma Ikko, ta yi ta bunƙasa, Badagiri kuwa ya zauna shiru. Har yanzu akwai gidajen tarihi a garin inda a ke nuna sarƙoƙi da maruruwan zamanin nan. Ya kamata baƙo ya ware wuni guda ya je ya gani da idonsa.

Akwai kuma abin da ya haɗa garin da tarihin Arewa. Daga Badagiri Kyaftin Clapperton ya tashi a watan Disamba na 1825, ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can kuma ya mutu a 1827. A 1830 baransa Richard Lander da ƙanensa John suka sake tashi daga Badagiri, suka isa Busa da Yawuri, suka bi Kwara cikin kwalekwale har inda ta faɗa teku. A bakin ruwan garin akwai wani gidan bene da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845. A na ce da shi bene na farko a Nijeriya, watau na farko irin ginin Turawa, gama a Kano da Katsina an daɗe da sanin soro.

Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke. Daga Afrilu zuwa Yuli a na sheƙa ruwa, teku kuma ta kan ƙara haushi cikin damina. Baƙo ya tafi da gidan sauro, da malafa, da ruwan sha mai tsabta. In ya ci abinci a gaɓa ya kwashe ledarsa da robarsa, domin abin da aka yar a rairayi teku ce ke ɗauka, ya cuci kifi, ya cuci masunta. Wanda ya kiyaye waɗannan, ya yi kwana uku ko huɗu yana barci da wuri yana tashi da wuri, zai koma bakin aikinsa da ƙarfin jiki, da kuma labarin da zai ba na gida.

Tambayoyi

1. Me ke tsakanin garin Badagiri da teku?
2. Don me iska ke busowa daga teku da rana?
3. Me ke sa teku ta ciko, ta kuma janye?
4. Yaya ya kamata mutum ya yi in ruwan teku ya ja shi?
5. Waɗanne matafiya ne suka tashi daga Badagiri zuwa Arewa, kuma a waɗanne shekaru?